Ƙarin Gashi, Hular Gashi Da Mayafi: Kowane Suna Da Hukuncinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da Annabi Adamu sunayen abubuwa dukkansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san kasuwannin yammacin Kano, tun daga Kabo har Gwarzo da Getso, ya san teburin ɗan koli da rumfar mai kayan mata. A wuri guda za ka iske ɗankwali da gyale da hijabi, ga zaren kitso da ulu, ga abin da ake kira gashin doki a cikin leda, ga acuci, ga kuma hular gashi a rataye. Yawancinsu daga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari ake saro su, kuma mutum ɗaya ne ke sayar da su. Saboda haka mutane suka ɗauka abu ɗaya ne, hukuncinsu kuma ɗaya ne.

Daga nan jama'a suka kasu biyu. Wasu da zarar sun ga mace da wani abu a kanta wanda ba gashinta ba, sai su ce tsinuwar Annabi ta hau ta. Wasu kuwa sun sauya wa haram suna, suna zaton da haka ta halatta. Duka biyu rashin tantance kalmomi ne ya kai su, alhali kuwa malaman usulu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa. Bahaushe ma ya ce kama da wane ba wane ba ne. To, bari mu ɗauki sunayen nan ɗaya bayan ɗaya.

WASALI, WATAU ƘARIN GASHI

Kalmar da ta zo a hadisi ita ce wasali, ma'anarta sadar da abu da wani abu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mace ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta har gashinta ya zube, ko za ta ƙara mata wani? Sai ya la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. A lura, uzurin matar nan ba ƙarami ba ne, cuta ce ga kuma aure, amma duk da haka ba a ba ta izini ba.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, a shekarar da ya yi aikin hajji, ya hau mumbari a Madina, ya karɓi wani curin gashi daga hannun dogarinsa, ya tambayi mutanen Madina ina malamansu suke, sa'an nan ya shaida musu cewa ya ji Annabi yana hana irin wannan. A wata ruwaya ya ce Annabi ya kira shi zur, watau ƙarya. Kalmar zur ita ce mabuɗin babin, domin ta nuna illar hanin: mace ta nuna abin da ba nata ba a matsayin nata.

A kan gashin ɗan'adam mazhabobi huɗu bakinsu ɗaya, haramun ne a kitsa shi cikin gashin mace, ko na 'yar'uwarta ne. Wannan kuwa ya shafi 'yan kasuwa ƙwarai, domin mai tsadar da ake shigowa da shi gashin mutane ne. Mai yawa daga cikinsa daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar babban ɗakin bautar Hindu na Tirupati suke aske kansu don cika bakance, masu kula da wurin su tara gashin su yi gwanjonsa. Daga nan sai masana'antu, musamman na birnin Xuchang a ƙasar Sin, su gyara shi su zuba a kwali. A shekarar 2004 manyan malaman Yahudawa a Isra'ila sun hana matansu sa hular da aka yi da gashin nan, saboda asalinsa hadaya ce ga gunki. Musulmi ya fi cancanta ya tambayi asalin abin da yake sayarwa.

Shi kuwa gashin doki, suna ne kawai, babu doki a cikinsa. Zare ne na roba da aka sarrafa har ya yi kama da gashi, kamar irin wanda kamfanin Kaneka na Japan yake yi da sunan Kanekalon. A nan ne malamai suka saɓa. Hanafawa sun taƙaita hanin ga gashin mutum. Shafi'awa, a zance mafi inganci wurinsu, sun yarda da gashi mai tsarki wanda ba na mutum ba ga matar aure in mijinta ya yi izini. Imamu Malik kuwa ya hana sadarwa da kowane abu, gashi ne ko ulu ko tsumma, kuma hadisin Jabir da ke cikin Muslim, wanda ya hana mace ta sadar da wani abu a kanta, yana ƙarfafa maganarsa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane almajiri a zaurukan Gwarzo da Kabo yake karantawa, ta ambaci hanin a dunƙule ba ta ware komai ba. Saboda haka a mazhabarmu canza gashin mutum da na roba bai fitar da mace daga hani ba, muddin kitsa shi aka yi cikin nata don ya ƙara tsawo ko cika.

ƘARAMIL, WATAU ZAREN ADO

Akwai wata kalma dabam, ita ce ƙaramil. Ibnu Hajar ya bayyana cewa asalinta sunan wani tsiro ne mai dogayen rassa masu laushi, daga baya aka sa wa zaren alharini ko na ulu da mata ke kitsawa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Sa'idu ɗan Jubairu bai ga laifinsa ba, haka ma Imamu Ahmad. Laisu ɗan Sa'adu, malamin Masar wanda ya rasu a shekara ta 175 bayan Hijira, ya ce hanin na gashi ne kaɗai. Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya mai littafin Ashafa, wanda ya rasu a 544, ya raba gardama da cewa ɗaura zaren alharini mai launi da makamantansa, waɗanda ba su yi kama da gashi ba, bai shiga cikin hani ba, domin ado ne, kuma duk wanda ya gani ya san zare ne.

Da wannan ma'auni za mu auna abin da ke hannun makitsanmu. Kitson zare, inda ake naɗe gashi da baƙin zare, da ƙyallen da ake ɗaure jelar kitso da shi, da duwatsun ado da ake sa wa yara, babu mai ruɗuwa da su, ba su cikin tsinuwa. Amma baƙin ulu da ake sakawa cikin kitso har ya sauko gadon baya, mai kallo ya zaci gashi ne, wannan sadarwa ce a wurin Malik, ko da Laisu ya sauƙaƙa. Wanda ya tsine wa mai kitson zare ya zalunce ta, tsinuwa kuwa in ba ta sami mazauni ba kan mai ita take komawa.

HULAR GASHI

Hular gashi ita ce wadda ake saƙawa a kan raga, a kifa a kai, a cire lokacin da aka so. Larabawan yau suna kiranta baruka. Kalmar baƙuwa ce, daga harsunan Turai suka aro ta, don haka ba za ka same ta da wannan suna a cikin Muhtasar ko Risala ba. Amma surar mas'alar tsohuwa ce, malamai sun tattauna ta da sunan ɗorawa, kishiyar sadarwa.

Shaihu Nafarawi, a sharhinsa na Risala mai suna Fawakihud Dawani, ya fahimta daga kalmar sadarwa cewa in mace ta ɗora gashin a kanta ba tare da ta haɗa shi da nata ba ya halatta, ya kuma jingina wannan ga Alƙali Iyal. Imamu Ƙurɗubi kuwa, shi ma Bamalike ne, ya ƙi wannan ra'ayi, ya ce riƙo ne da zahirin lafazi tare da barin ma'ana, gama yaudarar da ke cikin ɗorawa ba ta gaza ta sadarwa ba. Yawancin masu fatawa na wannan zamani bayan Ƙurɗubi suka bi. Waɗansu, irin su Shaihu Ibnu Usaimin wanda ya rasu a 2001, sun yi rangwame ga macen da gashinta ya zube gaba ɗaya saboda ƙuna ko cuta, suka ce wannan kawar da aibi ne, ba neman ƙarin kyau ba.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne, sunan hula da Hausawa suka ba ta bai mai da ita sutura ba. A wurin waɗansu Yahudawa matar aure in ta sa hular gashi ta rufe kanta ke nan. A Musulunci ba haka ba ne. Ita kanta ado ce mai bukatar a rufe ta, wadda ta fita da ita a kai ba mayafi, da ita da mai fita kai a buɗe duk ɗaya ne.

DOKA DA ACUCI

Kada wani ya zaci duk wannan baƙon abu ne da ya zo daga Turai. Kakanninmu mata suna da doka, kitson da ake tayarwa a tsakiyar kai bisa wani matashi na tsumma. Jikanyarta a yau ita ce acuci, ƙunshin da ake maƙalawa a ƙeya a ɗaura ɗankwali a kai, a ga kamar tulin gashi ne. Cikakken sunan ma, acuci maza, ya isa shaida, masu abin da bakinsu suka faɗi nufinsa. Ƙatada, almajirin Sa'idu ɗan Musayyabi, ya fassara zur ɗin da Mu'awiya ya ambata da tsummokaran da mata ke cika gashinsu da su. Har wa yau Muslim ya ruwaito hadisin da ya siffanta waɗansu mata da cewa kawunansu kamar tozon raƙuma suke, Imamu Nawawi ya ce masu girmama kawunansu ne da naɗe-naɗe. Mace ta tattara gashinta na halitta ta ɗaure a ƙeya, wannan babu laifi. Cusa wani abu don a zaci gashi ne, musamman a gaban mai neman aure, algus ne.

INDA ABIN YA TAƁA SALLA

Ga wurin da ya fi ban tsoro, kuma shi aka fi sakaci da shi. Shafar kai farilla ce a alwala, a mazhabar Malik kuma kai duka ake shafa. Risala ta ce mace ta shafi kitsonta da ya sauko, kada ta yi shafa a kan abin da ta rufe kai da shi. Wadda ta shafi hular gashi ko ɗankwali ba ta shafi kai ba, in babu alwala kuwa babu salla.

Game da kitso, masu sharhin Muhtasar na Shaihu Halil sun rarrabe. Kitson da aka yi da gashi zalla ba a tsefe shi don alwala ko ya yi tsauri, a wanka kuwa sai in tsaurinsa ya hana ruwa shiga. Wanda aka yi da zare ɗaya ko biyu, in ya yi tsauri a tsefe. Wanda aka yi da zare uku ko fiye, a tsefe shi a alwala da wanka, domin zaren ya zama shamaki. Ka ga ke nan abu yana iya halatta a babin ado, ya zama matsala a babin tsarki, kamar kitson zare. Saboda wahalar da ke ciki ne waɗansu masu hashiya, irin su Shaihu Sawi, suka ce mata suna iya koyi da Shafi'i ko Abu Hanifa, waɗanda suka wadatu da shafar sashen kai. Amma wannan rangwame yana bukatar a bar wani sashe na gashi ko fatar kai da hannu zai taɓa, a wanka kuma ruwa ya kai ga tushen gashi. Wanda aka manne da gam ya toshe wannan ƙofa.

HIMARI, JILBABI DA HIJABI

Mu koma ga abin rufe kai. Kalmar da Alƙur'ani ya yi amfani da ita a Suratun Nur, aya ta 31, ita ce himari, inda aka umarci muminai mata su sauko da shi bisa wuyan rigunansu. Tushen kalmar rufewa ne, daga gare shi aka sami sunan giya a Larabci, domin tana rufe hankali. Himari shi ne abin da ya rufe gashi da wuya da ƙirji. Jilbabi, wanda ya zo a Suratul Ahzab aya ta 59, shi ne babban lulluɓin da ake yafawa bisa tufafi in za a fita. Niƙabi na fuska ne, mai harama da hajji ma an hana ta shi.

Hijabi kuwa ya zo sau 7 a cikin Alƙur'ani, kuma babu inda yake nufin tufar da aka ɗinka. Ma'anarsa shamaki ko labule, kamar a Suratul Ahzab aya ta 53. Daga tushensa malaman gado suka sami hajabu, watau wani magaji ya kange wani, a Sudan ma laya ake kira da wannan suna. Hijabin da muka sani, mai zagayen fuska, ya yaɗu a ƙasar Hausa ne daga ƙarshen shekarun 1970, tare da yaɗuwar makarantun Islamiyya. Yana cika sharaɗin himari da kyau in yana da kauri da faɗi, amma shari'a siffa ta nema, ba ɗinki ba. Tsohuwar da ta lulluɓa da zane mai kauri a ƙauyen Kutama ko Garo ta bi ayar, wadda ta sa ɗan guntun hijabi shara-shara ba ta bi ba.

Sunayenmu na Hausa ma kowanne da iyakarsa. Ɗankwali da kallabi da adiko gashi suke ɗaurewa, su bar wuya da kunne. Gwaggwaro ado ne na biki. Gyale daga Yarbawa muka aro sunansa, a wurinsu ɗaurin kai ne, a wurinmu ya koma abin yafawa. Mayafi suna ne na duk abin da aka yafa, zai zama himari in an ɗora shi a kai aka rufe ƙirji, in kuwa a kafaɗa aka saɓa shi ya tashi daga aiki. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Hafsatu 'yar Abdurrahman ta shiga wurin Nana A'isha da himari marar kauri, sai A'isha ta yage shi ta ba ta mai kauri. A mazhabarmu macen da ta yi salla gashinta ko ƙirjinta a buɗe, ana so ta sake matuƙar lokaci bai fita ba.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a watan Yuni na 2022 cewa ɗalibai Musulmi a makarantun gwamnatin Jihar Legas suna da 'yancin sa hijabi. Ma'aikatan da ke rubuta ƙa'idar tufafi a makarantu da asibitoci ya kamata su san cewa in sun rubuta ɗankwali ba su rubuta himari ba.

RAWANI, HULA DA MALAFA

Maza ma ba a bar su a baya ba. A hadisin Bilal da ke cikin Muslim an kira rawanin Annabi da sunan himari, domin shi ma rufe kai yake yi. Hula, ko tagiya, ita ce Larabawa ke kira ƙalansuwa, muna da zanna da dara da haɓar kada. Rawani shi ne imama, akwai farin harsa, akwai ɗan Kura mai baƙin shuni da ƙyalli, wanda aka sa wa sunan garin Kura, Buzaye suna sayensa har Agadas. Malikawa ba su yarda da shafa a kan rawani ba sai ga mai tsoron cutuwa in ya kwance, sun karhanta sujada a kan naɗinsa, sun kuma karhanta rufe baki a cikin salla, don haka mai amawali ya sauke shi kafin kabbara.

A Hausa rawani ya wuce tufa, ya zama sunan mulki, shi ya sa ake cewa an naɗa wane. Kunne biyu a Kano alama ce ta Sarki da 'ya'yan gidan sarauta. Mutanen Gwarzo da Kabo sun ga nauyin wannan kalma da idonsu, da aka mai da su ƙarƙashin masarautar Ƙaraye a 2019, aka kuma soke dokar a 2024 suka koma ƙarƙashin Kano. Tun a ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya gane haka, shi ya sa da ya tashi karya jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, malafa take ba jajis ɗin 'yan taru, a ɗaura mata jan ƙyalle, alamar an ba mace izinin karantarwa. Amma a tuna, rawani bai mai da jahili malami, kuma girman kai rawanin tsiya ne.

NASIHA

Ya kai ɗan kasuwa, ka kira hajarka da sunanta. Kada ka sayar da roba da sunan gashin mutum, wannan algus ne a kowace mazhaba. Gashin mutum kuwa ka bar cinikinsa, domin abin da aka haramta amfani da shi an haramta kuɗinsa. Abin da malamai suka saɓa a kansa, barinsa ya fi kuɓutar da addininka, Allah kuma Yana musanya wa wanda ya bar abu dominSa. Zare da ɗankwali da mayafi halas ne, sai dai ka fifita mai kauri, ka gaya wa mai saye gaskiya in ta ce na salla take so.

Ya kai maigida, kai ne kake biyan kuɗin kitso, kai ne kake haɗa lefe. Ka tambayi iyalinka cikin lalama ko ruwan alwala yana kai wa ga kanta, ka bar ta ta je makaranta ta koyi hukuncin. Makitsa su sani hadisin da su ya fara kafin wadda ake yi wa. Masu wa'azi kuma su tsaya inda nassi ya tsaya, kada su jefa tsinuwa a inda manyan malamai suka sami saɓani. Wanda abu ya shige masa duhu ya ɗauki abin da kansa ya kai wa malamin garinsu ya gani, kada ya wadatu da faɗin sunansa, domin sunan kasuwa dabam, sunan littafi dabam. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya karɓi sallolinmu, Ya tsarkake dukiyarmu. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.